Ranar Rufe Tsohuwar Rijiya

Gershon birkila ya sauke siminti da yashi, maza huɗu suna gungura murfin kankare zuwa bakin rijiyar, sai suka tarar da Iya zaune a kanta. Ta gitta katako a bakin, ta ɗora tiren gyaɗa a cinya tana ɓarewa.

"Mama, ki ɗan matsa mana," in ji Gershon.

"In matsa ina? Nan ƙofar gidan mijina ne. Kai ne baƙo."

A haka Regina ta iso a kan babur daga Kafanchan, takalmanta duk taɓo. Ita ce jami'ar ƙungiyar agajin da ta haƙa rijiyar burtsatse mai sola a Unguwar Dutse, can bayan Kagoma. A makon jiya aka buɗe famfon, zumuntar mata suka yi waƙa, dagaci ya yi jawabi. Abu ɗaya ya rage a yarjejeniyar: a rufe tsohuwar rijiya da siminti, a ɗauki hoto, a tura wa masu ba da tallafi. Sai sun ga hoton za a kai injin haƙa ƙauye na gaba, Gidan Tanko, inda mutane da shanu ke shan rafi ɗaya.

Sharaɗin yana da dalili. A daminar bara ruwan sama ya kwaso ƙazantar masai ya zuba a wannan rijiya. Amai da gudawa ya kashe yara uku, cikinsu har da Clara, jikar Iya.

Regina ta durƙusa ta gaishe ta. Iya ta amsa, ta tambayi mutanen gida, ta miƙa mata gyaɗa.

"Iya, an ce kin hana aiki."

"Ban hana ba. Zama nake yi." Ta nuna bayan firamare da haɓa. Can cikin ciyawa akwai wani tsohon famfon tuƙa-tuƙa da ya yi tsatsa, an ɗaure akuya a hannunsa. "Kin ga wancan? Shi ma da waƙa aka buɗe shi. Har rawa na yi, lokacin gwiwa na da ƙarfi. Damina biyu ya yi ya mutu. Muka kira waɗanda suka kawo, lambar ba ta shiga. Ina kike tsammani muka dawo?"

"Wannan daban ne, Iya. An kafa kwamiti, an koya musu gyara."

"Kwamiti. Wancan ma ɗana ne sakatare."

Gershon ya yi dariya, ya ga fuskar Regina, ya mayar da ita tari.

"Amma ruwan nan ne ya ɗauke Clara," in ji Regina. Tana faɗa ta so a ce ba ta faɗa ba.

Iya ba ta daina ɓare gyaɗa ba. "Ni na yi mata wanka na ƙarshe, 'yata. Ba sai kin tuna mini ba. Rijiyar nan ta ci mini jika ɗaya. Sauran kuma ita ta raya su. In kun rufe ta, naku ya mutu, sai rafi. Rafi ya fi ta kisa. Kuma kin san hanyar rafi yanzu, mace ba ta binta ita kaɗai." Ta ɗago kai. "Ke Kirista ce. Ki faɗa mini a gaban Ubangiji cewa naku ba zai mutu ba, in tashi."

Regina ta san aikin ƙungiyar zai ƙare a Disamba, za a rufe ofis. Ta san in kan injin ya ƙone, sai an aika Legas. Ta sha wuce tankunan wasu ƙungiyoyi a hanyar Fadan Kaje, allon suna na nan da fentinsa, mata na wucewa ta gindinsu da bokiti zuwa fadama.

Ta koma gindin mangwaro inda sabis ke kamawa, ta kira shugabanta, Gilbert.

"Oga, me zai hana mu sa murfi mai kwaɗo? A riƙa zuba magani, a ajiye ta saboda ranar da famfo ya tsaya."

"Mun gwada wannan a wani ƙauye," in ji Gilbert. Muryarsa a gajiye take. "Layi ya yi tsawo a famfo, aka ɓalle kwaɗon, yara suka kwanta. Tun daga nan masu tallafi ba sa yarda. Ni ma ban ga laifinsu ba."

"Tsohuwar tana da gaskiya, Oga."

"Tana da ita. Amma injin haƙa zai bar Kafanchan ranar Juma'a. In babu hoto, Nasarawa zai wuce, kuma ba zai dawo ba kafin mu rufe. A Gidan Tanko an binne yaro ranar Lahadi. Ke ce a wurin, Regina. Ni ba ni da wata amsa."

Ta dawo ta sake durƙusawa.

"Iya, ba zan iya yi miki alkawari ba. Zai iya mutuwa. In ya mutu, wataƙila ba za ki same ni a waya ba. Amma in ban rufe wannan yau ba, Gidan Tanko ba za su samu nasu ba. Sun binne yaro ranar Lahadi."

"Yaron wa?"

"Ban sani ba."

"Babba ne?"

"Ban tambaya ba."

Iya ta daɗe tana kallon tiren. Sannan ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta miƙa wa Gershon hannu ya tashe ta. Da kanta ta janye katakon.

Mazan suka ɗora murfin a gefen bakin rijiyar. Gershon ya haɗa siminti da yashi, ya ɗauki bokiti ya nufi sabon famfon. Ba a jima ba ya dawo da bokitin, ruwan cikinsa bai rufe gindi ba.

"Madam, tanki ya ƙare. Tun shekaranjiya hadari, sola bai ga rana ba. Wai sai gari ya washe."

Iya ta shiga gida ta fito da guga da igiya. Regina ta miƙa hannu za ta karɓa, Iya ta ƙi ba ta. Ta zura gugan ta gefen da murfin bai rufe ba, ta jawo a hankali, ta juye a kan simintin.

"Ya isa, ko a ƙara?"

"A ƙara ɗaya, Mama," in ji Gershon, bai dube ta ba.

Ta ƙara. Sannan ta jawo na uku ta shiga da shi gida, ba ta sake fitowa ba.

Kafin yamma an daidaita murfin, an liƙe gefensa, Gershon ya shafe shi sumul. Regina ta ja baya ta ɗaga waya. A cikin hoton, can bayan rijiyar, mata sun jera bokitai a gaban famfon, suna zaune suna duban sama. Ta sauke wayar ta kalle su. Sannan ta matsa hagu kaɗan har suka fita daga hoton, ta danna.