Tumakin Da Aka Aske Da Wuri

Ranar Laraba da tsakar rana dusar ƙanƙara ta fara sauka a ƙauyen Ha Sekoati, ana tsakiyar watan Oktoba, lokacin da a ƙasar nan hunturu ya riga ya wuce, bayan kowa ya ninke manyan bargunan hunturu ya tura su ƙarƙashin gado. Da farko mutane dariya suka yi. Mata suka fito kwashe shanya suna tsiya, wai sama ta manta lissafin wata. Kafin la'asar dariya ta ɗauke, don ko dutsen da ke bayan coci ba a gani.

Lebona kam ko a farkon bai yi dariya ba. Yayansa Ramaisa yana can ƙololuwa a mashekari, wurin kiwon da ke kan duwatsu, tafiyar awa biyar a kan doki, shi kaɗai da tumakin gidansu, kuma kwana shida ke nan da aka aske tumakin nan tas. Tunkiyar da aka raba da gashinta, ruwan sama mai sanyi ma ya isa ya kashe ta, balle wannan. Shi kansa Ramaisa shekararsa sittin da huɗu, ga tarin da ya kwaso a ramin zinariya tun yana saurayi, wanda bai taɓa sakin ƙirjinsa ba. Abin da ya fi ci wa Lebona rai shi ne, ba wani ya tura yayan nasa can ba, shi da kansa ne.

Tun kaka da kakanni, mutanen Ha Sekoati ba sa aski su hau da dabbobi sai Nuwamba ta kama. To amma shekara huɗu a jere hunturu yana tattara nasa ya nasa da wuri, ciyawar kwari tana ƙarewa, tumaki na ramewa a bakin gida alhali ciyawa na can sama tana jira. Lebona shi ne shugaban kwamitin kiwo, kuma ya je wani taro a garin Mokhotlong ya dawo da bakinsa cike da maganar ɗumamar duniya. Ya yi ta bin mai gari har ya yarda aka matso da ranar hawa da mako uku. Da mutane suka fara noƙewa, sai ya bugi ƙirji ya ce tumakin gidansu ne za su fara hawa, kowa ya gani.

Ramaisa ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce kawai, tsuntsayen nan da ke gina sheƙa a rufin coci ba su dawo ba tukuna.

"Yaya, tsuntsaye ba sa sauraron rediyo," in ji Lebona, har mutane suka yi dariya.

Ramaisa ya ja hularsa, ya kira karensa, ya kora tumaki. A gaskiya Lebona ba wawa ba ne, kuma abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne, kowa ya ga ciyawar kwari da idonsa. Sai dai yana da ciwon da ke damun masu gaskiya da yawa, in ya kama gaskiya ɗaya sai ya ɗauka duk sauran sun mutu.

Ranar Alhamis abin ya ƙaru. Lebona ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya ɗauki waya ya kira lambar Ramaisa, ko da yake ya san a mashekari sai mutum ya hau wani dutse kafin waya ta kama. Ya je gidan mai gari, aka ce an kira hukuma a birni, sun ce jirgin ceto ba zai iya tashi ba sai hazo ya yaye. Ya dawo ya ɗaura wa dokinsa sirdi, matarsa Mapulane tana ce masa ya bari, bai ko kalle ta ba. Iyakarsa bakin rafi. Dusa ta kai wa doki ƙirji, iska tana watsa masa ita a ido har bai iya ganin kunnen dokin ba. Ya juyo yana jan linzami da ƙasa.

Mapulane ta ajiye masa tuwon masara da ganye, ya gutsura sau ɗaya ya tashi. Ta ce zirga-zirgar nan ba za ta narkar da komai ba, sai dai ta cinye mata daɓen ɗaki. Ya ce mata Yaya ko babban bargonsa bai tafi da shi ba. Ta ce ta sani, ai tana tsaye lokacin da shi Lebona ya ce masa zai dafa kansa a ciki. Ba da nufin cin fuska ta faɗa ba, amma maganar ta zauna masa.

Da gari ya waye ranar Juma'a, sama ta yi tangaran kamar ba ita ta yi ɓarnar ba. Lebona ya san dokinsa ɗaya ba zai fasa hanya ba. Duk ƙauyen mutum ɗaya ke da manyan dawakin da za su iya, Mohapi mai kanti, wanda tun ranar farko ya ce maganar ɗumamar nan tatsuniyar 'yan taro ce. Lebona ya ɗaure bargon yayansa a baya, ya cusa ashana da gwangwanin madara a jaka, ya nufi kantin.

Ya tarar da maza sun kewaye murhu, musu ya yi nisa. Mohapi yana tsaye bayan kanta yana nuna taga, yana tambaya wai ina zafin da aka yi musu alkawari, shi dai ya duba ko'ina bai gan shi ba. Tsohon malamin makaranta, Ticha Nthako, yana ta bayani cewa teku ce ta yi zafi shi ya sa iska ta rikice, har ya tambaye su ko ba su taɓa ganin mai zazzaɓi yana rawar sanyi ba. Wani dattijo ya ce shekarar da aka yi bikin mahaifinsa dusa ta sauka ranar Kirsimeti, kuma babu wanda ya ɗora wa hayaƙin Turawa laifi. Wani ya ce tun da aka daina yanka wa kakanni komai ya lalace. Kowa yana magana, babu mai sauraron wani, kuma ga dukkan alamu kowa yana jin daɗin kansa. Nasu tumakin suna cikin garke a bayan gida da gashinsu, dole musu ya yi daɗi.

"A'a, ga Shugaba nan," in ji Mohapi. "Shigo ka sha inuwa, Ntate, kada rana ta ƙona ka." Ntate shi ne kiran girmamawa ga namiji a wajensu.

Wasu suka tuntsire. Lebona ya ce dawaki ya zo nema da mutum uku. Ticha Nthako ya kama hannun rigarsa, wai ya tsaya ya gaya musu abin da aka ce a Mokhotlong, don kada a ɗauki guguwa ɗaya a rushe ilimin shekara da shekaru. Mohapi ya ce ƙwarai, a bar Shugaba ya faɗi da bakinsa, duniya zafi take yi ko sanyi. Lebona ya dubi taga, rana har ta ɗaga, kowane numfashi da ake ɓatawa a nan daga na yayansa ake cirewa.

"Sanyi take yi," ya ce. "Ni na yi ƙarya. In ka ce rana daga yamma take fitowa, na yarda, zan faɗa a coci ranar Lahadi. Ntate Mohapi, ɗan'uwana yana sama. Ba ni doki."

Ticha Nthako ya saki rigar. Mohapi ya sunkuyar da kai yana goge kantar da ba ta da datti, sannan ya ce dawaki huɗu suna bayan kanti da sirdinsu tun da sassafe, surukinsa da ƙanensa ma sun shirya. Yana jira ne rana ta ɗan sassauta ƙanƙarar da ta daskare a sama, kada ta yanke wa dawaki ƙafa.

"Da Ramaisa muka yi kiwo tun kafin a yaye ka," ya ce. "Kana tsammani sai ka roƙe ni?"

Suka shafa baƙin tukunya a ƙarƙashin ido saboda ƙyalli, suka kama hanya. Tafiyar awa biyar ta koma abin da ta koma. Inda dusa ta yi zurfi sai su sauka su fasa da ƙirji, mutum ɗaya a gaba, in ya gaji wani ya karɓa. Lebona ba ya son a karɓe shi, har sai da Mohapi ya daka masa tsawa cewa ba su da dokin ɗaukar mutum biyu a dawowa. Duk inda suka tsaya dawaki su huta, shi ba ya tsayawa, sai ya yi gaba ya dawo, ya sa hannu a baki ya kira sunan yayansa, duwatsu su maido masa.

Bayan azahar suka haura mashigin ƙarshe. A nan suka fara ganin ƙananan tuddai jere a gindin wani dutse, inda dabba kan raɓe ta guje wa iska. Surukin Mohapi ya share ɗaya da ƙafa. Tunkiya ce, fatarta ta yi shuɗi, a kunnenta tsagar gidan su Lebona. Suka share na biyu da na uku, suka bari. Lebona bai ji komai game da su ba, shi da ya san uwar kowacce. Idonsa yana kan bukkar dutsen da ke can gaba, wadda babu hayaƙi a kanta, kuma gefe ɗaya na jinkarta ya zama rami.

Ya bar doki ya ruga, yana faɗuwa yana tashi. An toshe ƙofar daga ciki da faifan dutse. Ya sa kafaɗa ya ture, wari da ɗumin dabbobi suka buge shi, kukan tumaki ya tashi gaba ɗaya. Bukkar da mutum biyu ke kwana da ƙyar, an cusa mata tumaki har ba wurin sa ƙafa. A can jikin bango Ramaisa yana zaune, ya miƙe ƙafafu, 'yan raguna uku a cikin ƙaramin bargonsa, karen a gefensa. Idonsa biyu.

"Rufe ƙofar mana," ya ce da dasasshiyar murya. "Kana shigo musu da iska."

Lebona ya durƙusa cikin kashin tumaki, kuka ya ƙwace masa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Sauran suka iso, Mohapi ya leƙo ya ce tsohon banza, ashe mutuwa ma ba ta son sa. Ramaisa ya ce ta zo, ta ga babu wurin zama ta koma. Aka lulluɓe shi da babban bargo, aka ɓalle sauran jinka aka hura wuta, aka ɗora madara. A hankali yana kurɓa yana ba su labari. Masu ciki da masu shayarwa ya zaɓa, ya yi ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a kafaɗa tun yammacin Laraba har wayewar Alhamis. Da busasshen kashin shanu ya ƙare ya ƙona jinka, da ashana ta jiƙe ya haƙura. Sauran kuwa ya ji kukansu har suka daina.

Lebona ya ce, "Yaya, ni na jawo. Ka yafe mini."

Ramaisa ya ce a bar wannan, ciyawar sama ai da gaske ta fito, ya gani kafin a rufe ta. Mohapi ya ce to a tashi, in suka kama sawunsu yanzu za su wuce mashigin nan da sauran haske. Ramaisa ya ce su ba shi ɗan lokaci, bai gama madararsa ba. Ya gama, bai tashi ba. Sai a lokacin Lebona ya lura cewa tun shigowarsu tumaki ke tattaka ƙafafun nan, mai su bai janye ko sau ɗaya ba.

Takalman robar sun ƙi fita. Dusa ta shiga ta narke ta sake daskarewa a ciki, sai da aka sa wuƙa aka tsaga su. Ƙafafun sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir. Surukin Mohapi ya kawar da kai. Lebona ya ɓalle rigarsa, ya zauna a ƙasa, ya ɗauki tafin ƙafafun biyu ya manna a cikinsa, ya rufe da bargo. Sanyin ya ratsa shi har baya.

"Kana jin ɗumi, Yaya?"

"Ina ji mana. Wannan tumbin naka na shugabanni ai ya yi rana."

Mohapi ya yi dariya, Ramaisa ya juya wajensa ya ci gaba da labari, wai tunkiyar nan mai karyayyen kunne tagwaye ta haifa cikin wannan tashin hankali, kuma ta ƙi ɗaya, sai da ya shafa masa gishiri ta lasa. Lebona ya zura hannu ƙarƙashin bargo, ya laluba babban yatsan ƙafar dama, ya kafa masa farce da dukkan ƙarfinsa. Ya ɗaga ido ya dubi fuskar yayansa. Ko alamar ya ji babu.

"Yanzu kuwa," in ji Ramaisa, "ɗan da ta ƙi ɗin, shi ta fi so."