Ajin Wayarin a Cikin Bas

A farkon zango, ajin Malam Lantarki a kwalejin koyon sana'a ba ya da masaka tsinke. Duk manya ne, masu iyali, wasu har da furfura, sun zo koyon wayarin, wato haɗa wayoyin wutar lantarki, bayan sun tashi daga aiki. Kafin zango ya raba tsakiya, kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba.

Shugabar kwalejin ta je wani taron bita kan yadda ake riƙe ɗalibai, ta dawo da kwali cike da taurarin takarda masu gam. Ta ba da umarni duk wanda ya shigo aji a manna masa ɗaya. Baba Fansho, dattijon da ya bar aikin gwamnati da jikoki cike da gida, ya koma da tauraro a goshi, jikokin suka yi ta bin sa suna dariya. Daga ranar bai sake zuwa ba.

"Babba ba ya guduwa, sai dai a bar shi ya tafi," in ji Shugaba. "Malam, ka bi su. In ajin nan ya mutu, kai ma ka san sauran."

Malam ya fara da Dogo, direban bas, wanda ya fi kowa kai a ajin. Ya same shi a tasha yana goge gilashi.

"Malam, wallahi ba ƙin karatun nake ba," in ji Dogo. "Mai motar ne ya canja mini lokaci. Sa'ar da kuke shiga aji, ita ce sa'ar da gari ke tashi daga aiki."

Bas ta cika, Dogo ya tayar. Malam bai gama lallashi ba, sai ya shiga gaba ya zauna, da niyyar sauka a tsayawa ta farko. Lallashin ya zarce ya zama darasin da Dogo ya rasa, na yadda fis ke ƙonewa don gida ya tsira. Yana cikin bayani ya ɗaga ido, ya hango wata mata a madubi tana jan gyale tana rufe fuska. Uwar Biyu ce, ita ma ɗalibarsa ce da ta ɓace.

"Uwar Biyu, na gan ki. Me ke sa fis ya ƙone?"

"Kaya ne suka yi masa yawa, Malam," ta amsa daga cikin gyale. "Kamar ni."

A tsayawa ta gaba Baba Fansho ya shigo da sandarsa. Ya ga Malam, ya juya zai sauka, amma ƙofa ta riga ta rufe. Ashe rabin masu gudun aji wannan bas ce ke kai su gida.

Washegari Malam ya zo tasha da allo da katakon gwaji mai soket da makunni da ƙwan fitila, ya ɗaure su da igiya a bayan kujerar direba. Da yake Dogo ba shi da damar waiwayowa, aka shirya zai riƙa amsa tambaya da oda: sau ɗaya na nufin e, sau biyu a'a. Masu motocin da ke gabansu ba su san da wannan shiri ba, don haka duk amsar da ya bayar sai an zage shi.

Da farko fasinjoji sun yi ƙorafi. Wata 'yar kasuwa mai jiki, Mai Atamfa, ta ce ita gida za ta, ba jami'a ba. Kwana kaɗan bayan haka ita ce ke tsawata wa masu amsa waya. Mutane suka fara wuce unguwanninsu don kada su rasa ƙarshen bayani. Wata mata ta biyo mijinta ta ga inda yake ɓata lokaci, ta same shi riƙe da filaya, ta ƙwace ta nuna masa yadda ake fere waya ba tare da an yanke ta ba. Har ɗan sandan hanya da ya tsayar da su saboda yawan oda ya leƙo, ya ji ana maganar soket mai tartsatsi, ya ce irin na ɗakinsa ke nan, a matsa masa ya zauna.

Shugaba kuwa ta leƙa aji ta tarar ko Malam ɗin babu. Ta bi sawu har tasha, ta shiga bas a fusace, ba ta sami wurin zama ba. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, Mai Atamfa ta dafa ta.

"Baiwar Allah, a yi shiru, ana karatu."

Shugaba ta dubi kawunan da suka cika motar, duk sun zuba wa allo ido, fushinta ya narke. Kafin ta sauka ta rubuta kowa a matsayin ɗalibi, har da wani da ke barci tun daga tasha.

Matsala ta taso ne da jarrabawa ta ƙarato. Wani ɗan kwangila cikin fasinjoji ya ce wa Dogo ranar da ya karɓi takardar shaida, ranar zai ɗauke shi aiki. Dogo ya yi ta danna oda don murna. Sauran mutanen motar ba su taya shi murna ba, domin kowa ya gane in Dogo ya bar tuƙi, aji ya rasa ɗaki.

Shugaba ta kira Malam ofis ta rufe ƙofa.

"Ka kayar da Dogo a jarrabawar nan," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ya fi kowa iyawa."

"Shi ya sa. Manufarmu riƙe ɗalibi ce. Wanda ya ci ai ya tafi."

Ɗalibai ma suka turo wakilai. Baba Fansho ya ce ba mugunta ba ce, amma a yi wa yaron tambayar da ko Malam bai san amsarta ba. Uwar Biyu ta ce ita dai shekara ɗaya kacal take roƙo. Malam ya koma gida ya kasa cin abinci. Ajin nan shi ne abu mafi daɗi da ya taɓa samu a aikinsa, kuma ya san Dogo na da ciwon baya da 'ya'ya mata da yake son ya riƙa gani kafin su yi barci.

Ranar jarrabawa aka faka a gefen hanya. Dogo ya zauna a ƙasa da katakon gwaji, fasinjoji suka kewaye shi, wasu na motsa baki suna addu'ar kada wuta ta kawo. Malam ya ba shi aikin da ya ba kowa, bai ƙara ba, bai rage ba. Dogo ya haɗa wayoyi, ya ɗaure, ya danna makunni. Ƙwai ya kama, fes.

"Kai, wannan yaro ba shi da tausayi," in ji Baba Fansho, sannan ya rungume shi.

Sabon direban da aka kawo ya ce motarsa ba makaranta ba ce, ya kwance allon ya ajiye a tasha. Dole aka koma kwaleji, kuma abin mamaki mutanen bas suka biyo, har da ɗan sandan. Sai dai an sha wuya kafin a saba. Rubutun Malam ya riƙa karkacewa don allon ba ya girgiza, kuma duk wanda ya rasa kujera sai ya ɗaga hannu yana laluben ƙarfen riƙewa.

Wata rana ana tsakiyar darasi, Mai Atamfa ta tattara kayanta ta miƙe.

"Akwai sauka!"

Malam ya dakata da alli a hannu. Aka matsa mata, ta fita, wani ya rufe ƙofa, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.