Kuskuren Yaya Eladio

Mu uku mahaifiyarmu ta bari a barikin matatar rake: Yaya Eladio, ni Eufemia, sai autanmu Nicanor. Su biyun suna buga wa ƙungiyar matatar wasan besbol, na jifan ƙwallo da bugu da sanda, ni kuwa wankin rigunansu da masifa ne aikina.

Nicanor mai jifa ne, hannu kamar majajjawa. A waccan kakar, shi da wani yaro na ƙungiyar tashar jiragen ruwa suke kankankan a sahun masu jifan da aka fi kasa ci, kuma wanda ya zo na ɗaya shi wata babbar ƙungiya a Santo Domingo za ta ɗauka. Yaya Eladio yana cikin masu tsaron fili a bayansa, su ne masu cafke ƙwallo in an buga. Gwiwarsa ta soma gardama, har koci ya ce masa a gaban kowa, in ya sake kuskure ko ɗaya ne ya ajiye riga.

A lissafin masu jifa, ba kowane maki ake ɗora maka ba. In mai tsaron fili ne ya yi kuskure aka ci, babu ruwanka. Mai raba wannan gardama kuwa shi ne Don Casimiro, tsohon da ke rubuta sakamako a ɗan ɗakinsa na saman rumfa.

Ranar Lahadin wasan ƙarshe, wani ƙato ya narka wa ƙwallon sanda, ta taho kamar harsashi. Yaya ya yi tsalle iya ƙarfinsa, ta shafi bakin safar hannunsa ta wuce, aka ci maki biyu. Ba mahalukin da zai iya kama ta, Don Casimiro ma bugu mai kyau ya rubuta, ba kuskure ba, makin suka hau kan mai jifa. Nicanor ya faɗo na biyu.

Ana watsewa na hango Yaya yana hawa matakala yana ɗingishi. Na dire kwanon soyayyiyar ayabar da nake sayarwa na bi shi.

"Don Casimiro, a gyara. Kuskurena ne," in ji shi.

Tsohon ya zare tabarau. "Kai Eladio, rana ce ta buge ka? Ko kana da fukafukai ba ka kama wannan."

"Ta taɓa safata. Abin da ya taɓa safata nawa ne."

"Ka dai san abin da koci ya ce?"

"Da kunnena na ji."

Na faɗa ɗakin ina huci. "Yaya, ka haukace? In an kore ka, rake za ka koma sara da wannan gwiwar?"

"Eufemia, je ki kula da ayabarki, kar ƙudaje su cinye miki jari."

Don Casimiro ya daɗe yana kallonsa, sannan ya lashi bakin fensir ya gyara. Da safe rediyo ya ce Nicanor ne na ɗaya. Kafin rana ta take an aiko karɓar rigar Yaya, ni na wanke ta na ninke, ina kuka ina zagin koci.

Ranar da Nicanor zai tafi na dafa shinkafa da wake da kaza. Yaron bai san komai ba, murna ta cika shi, ya dafa kafaɗar Yaya.

"Tsoho, ka ga har Don Casimiro ya gane. Saura ƙiris ka ja mini! Wannan ƙwallon ai ko Eufemia ta kama."

Na buɗe baki, Yaya ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Gaskiyarka, auta. Ci abincinka, mota ba ta jira."

Na so in kifa wa Nicanor tukunyar a ka. Har yau abin yana ci mini rai.

Bayan motar ta tashi, na ji ƙara a bayan gida, tim, tim. Na leƙa, sai ga Yaya sanye da tsohuwar safar hannunsa, yana maka ƙwallo a bango yana tsalle gefe, yana faɗuwa, yana tashi. Da ya gan ni ya tsaya yana haki, ƙura har gira.

"Eufemia, ke ba kya ɓoye-ɓoye. Gaya mini tsakani da Allah. Anya ƙwallon nan ta ranar Lahadi ba ta kamuwa?"