Ranar da Aka Yi wa Jirgi Lodi

Ni Hadiza ba ni da haƙuri, kowa a Madarumfa ya san haka, kuma hayaƙin bandar kifi bai gyara mini hali ba. Amma ranar da ƙanena Mansur ya zo da jirgin sama, rashin haƙurin nan ya yi rana.

Mansur makanikin jirage ne a Yamai, a can ya koyi tuƙi. Jirgin ba irin manyan nan na alhazai ba ne, ɗan ƙarami ne mai kujera huɗu, na wata ƙungiya da ke ba mutanenta aro. A kakar shekarar casa'in da biyar ya aiko cewa zai zo da hantsi, ya koma kafin rana ta faɗi, kuma abu ɗaya zai kawo shi. Babanmu, Malam Haruna, masunci ne tun yana yaro, ga shi yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya san kowace gaɓa ta tafkinmu, amma kullum yakan ce bai taɓa ganinsa duka a lokaci ɗaya ba.

"In kana wannan gefe, wancan ya ɓoye maka," in ji shi. "Kafin idon nan ya tafi, da dai na gan shi gaba ɗayansa."

Mansur ya yi masa alkawari. Mu duka mun san in ba a yi bana ba, baɗi babu idon da za a yi da shi.

Filin jirginmu ba wani abin nunawa ba ne. An share shi a bayan gari shekarar da fara ta zo, don jiragen feshi, daga nan awaki suka gaje shi. Bukka ɗaya ce, da sanda mai tsumma a kai don a ga inda iska ta nufa, sai Sule mai gadi wanda bai da abin gadi. Mun kwashe duwatsu, mun kore awaki, jirgin ya sauka lafiya yana tsalle kaɗan kamar amalanke. Mansur ya fito yana murmushi, ya durƙusa ya gaida Baba. Wallahi zuciyata ta yi fari ƙal.

Muka tafi gida. Na yi masa tuwo da miyar kifi, ya ci har da ƙari, ya sha fura, ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin darbejiya kamar bai taɓa barin gidan ba. Baba ya sa a fito masa da farar rigarsa ta Juma'a. Bayan azahar muka kama hanyar fili, ina riƙe da hannunsa.

Tun daga nesa na hango taro. A tsakiya ga Ɗan Baba, taubashina, ɗan Goggo Barira, wanda yake jigilar kaya da kamyo, babbar motar nan, tsakanin Maraɗi da iyaka. Yana tsaye jikin jirgin yana share gumi, yana taƙama kamar ango.

"Ƙanena, na hutar da kai," ya ce wa Mansur. "Dangi sun kawo tsaraba, na shirya maka ita tsaf. Ko allura ba za ta samu wuri ba."

Na leƙa ta taga. Inna lillahi. Buhun gero biyu a kujerun baya, buhun gyaɗa a kansu, albasa a cuse ta kowane lungu, ga kwandon kifina da na kwashe kwanaki ina banda. A kujerar gaba, wadda Baba zai zauna, ragon Goggo Barira ne a ɗaure, yana tuƙa abinsa hankali kwance. Ashe Mansur ya bar ƙofa a buɗe saboda zafi, Sule kuwa ya ga abin alheri ne, har shi ya taya ɗagawa.

Mansur ya ja ni gefe, fuskarsa ta canja.

"Yaya, ko ba Baba, jirgin nan ba zai tashi da wannan kaya ba. Filin gajere ne, rana ta yi zafi. Sai dai mu ƙare cikin itatuwan can."

"To ka faɗa musu mana."

Ya dubi Goggo Barira, wadda ta yi kiwon ragon nan tun yana ɗan tunkiya da sunansa, ya sunkuyar da kai. Mutumin da yake ratsa gajimare, kunya ta ɗaure masa baki. Baba kuwa idonsa ne ya raunana, kunnensa garau yake, duk ya ji.

"A sauke ragon kawai a gyara mini wuri, a bar sauran," in ji Baba. Da aka gaya masa duka ne sai an sauke, sai ya ce, "To a bar zancen nawa. Ba za a zubar da kyautar mutane a ƙasa a gabansu saboda tsoho yana son kallo ba. Maida kyauta zagi ne. Hadiza, maida ni gida."

Na san Baba. In ya ce haka, ya gama. Ya riga ya juya, farar rigar tana jan ƙasa. Raina ya ɓaci, na ji kamar in shaƙe Ɗan Baba da igiyar ragon.

"Kai dai bawana ne har abada," na ce masa a gaban kowa. "An ce maka wannan jakin gidanku ne?"

"Uwar gijiyata, ai lodi lodi ne. Kamyona ya ɗauki abin da ya fi wannan sau goma."

"Kamyonka in ya gaji a ƙasa yake tsayawa. Wannan fa?"

Mutane suka yi dariya, dariyar ta ba ni sarari na yi tunani. Na ce wa Baba ya dakata mini kaɗan. Na buɗe ƙofa na jawo kwandon kifina, na miƙa wa Mansur.

"Ka karɓa?"

Ya kalle ni, ya ce, "Na karɓa, Yaya. Allah ya saka."

"To yanzu na wane ne?"

"Nawa."

"Mai kaya ba ya da ikon ba yayarsa ajiya?"

Sai ya gane. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Yaya, ga amana. Ki riƙe mini har Ɗan Baba ya tashi zuwa Yamai." Na ɗora kwandon a kaina, ban bari ya taɓa ƙasa ba.

Daga nan abin ya tafi da kansa. Kowane buhu Mansur ya dafa shi, ya yi godiya, ya kira mai shi da suna ya ba shi ajiya. Wanda aka ba amana a gaban jama'a ai an girmama shi ne, har rige-rigen ɗauka ake yi. Goggo Barira ce ta ƙarshe. Ta ja ragon, ta harare ni, don ta san wayon na wane ne, ta ce, "Da ma bai gama ƙiba ba." Ɗan Baba, da ya fi kowa wahalar lodi, shi ya fi kowa wahalar saukewa, kuma ga jigila ta hau kansa. Ban tausaya masa ba ko kaɗan.

Baba yana tsaye yana saurare. Na ce, "Baba, akwai kyautar da aka mayar?"

"Babu," ya ce. Ya ɗan yi murmushi. "Bakin nan naki dai."

Na share kashin rago daga kujera da gefen zanena, muka ɗaga shi ya zauna, Mansur ya ɗaure shi da ɗamara. Jirgin ya ruga, ya ruga, har na fara salati, sai ya rabu da ƙasa tun kafin itatuwan. Muka ga ya karkata wajen tafki yana kewayawa a hankali, ya sake kewayawa, ya sake. Na zauna a inuwar bukkar Sule da kwando a cinyata, ina jin daɗi da fargaba tare, don ban san ko idon nasa zai iya daga can sama ba.

Da suka sauko ni na fara isa. Ban ko bari Baba ya taka ƙasa ba.

"Baba, ka gani?"

"Gari ban gan shi ba, gonaki ma hazo-hazo. Amma ruwa yana ƙyalli, shi na gan shi, baki zuwa baki." Ya riƙe hannuna ya sauko, ya tsaya yana gyara riga. "Hadiza, ashe ƙarami ne. Da tafin hannuna na rufe shi. Ɗan wannan ne ya ciyar da kakanku, ya ciyar da ni, ya kai yaron nan makaranta har ya ɗauke ni sama. Alhamdu lillahi."

Mansur ya tashi da la'asar, da busasshen kifi biyu kawai da na cusa masa a aljihu. Kafin damina idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Amma har ya bar duniya, in masunta suna gardamar wane gefe ya fi faɗi, sai ya share ƙasa da hannu ya zana musu tafkin da yatsa, ba ya ɗagawa sai layin ya haɗe.