Maɓallan Hagu

Saura kwana uku bikin Yaya Qiaolian, ɗiyar gwaggona, aka kawo doguwar rigar qipao da za ta sa ranar miƙa wa surukai shayi. Jar alharini ce, wuyanta a tsaye har ƙasan haɓa, tsagar gefe ta haura inda ko 'yan rawar Shanghai na da ba su kai ba. Wani tela na intanet ne ya ɗinka, daga hoton da Yaya ta ɗauki kanta a madubi sanye da tsohuwar rigar Kaka.

Muna falon Gwaggo Meifen. Ina gefe ina ɓare lemo, aikin da dangi ke ganin ya fi dacewa da digirina na tarihin tufafi.

"Ku duba," in ji Gwaggo. "Al'adarmu ta shekara dubu biyar."

Shekara ɗari ce da 'yan kai, amma na ci gaba da lemona.

Sai Yaya ta juyo, na ga maɓallan. Rigarmu ta dama take rufewa. Wannan ta bi madubi ta rufe ta hagu, yadda ake sa wa mamaci. Uwar ango kuwa, Madam Luo, ita ce ta ɗaga bikin wata biyu don ranar farko ba ta da sa'a. A gabanta Yaya za ta durƙusa.

Na dubi Kaka ko za ta rage mini aiki, amma idonta ba ya wuce tsawon hannunta.

"Yaya," na ce, "maɓallan suna hagu."

"Ɗaga murya mana, Farfesa," in ji Yaya.

"Hagu ta matattu ce."

Gwaggo ta ajiye kofinta. "Shekara huɗu a jami'a, mugun baki kika koyo? Yayi ne. Ke da kullum cikin wando, me kika sani?"

"Zo nan, 'yar nan," Kaka ta ce wa Yaya. Ta shafa ƙirjin rigar ta dama, ba ta ji komai ba. Ta koma hagu, ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗinki ya yi kyau. Ku ajiye mini, ni zan riga kowa buƙatarta. Sai dai a rage tsagar, kada kakanku ya ce na lalace a bayansa."

Yaya ta fashe da kuka. Babu telan da zai ɗinka wata cikin kwana uku, don haka aka ɗauko tsohuwar. Kaka ta gaje ta daga mahaifiyarta, ta ɓoye ta shekara goma cikin bargo a zamanin da sa irinta ke jawo fitina. Rigar ta matse Yaya, ko numfashi da ƙyar. Na juya cikinta na nuna musu yatsa biyu na yadi da telolin da can suke bari a ɗinki, saboda mace za ta haihu ta ƙara jiki. Kwana biyu na yi ina farkewa ina ɗinkewa.

Ranar biki Madam Luo ta karɓi shayin, ta taɓa maɓallan dama, ta gyaɗa kai.

"Gidan nan an san al'ada."

"Ai ni ba na wasa da irin wannan," in ji Gwaggo. "Kallo ɗaya nake yi wa riga."

Na ji ta sarai daga teburin yara, kusa da ƙofar kicin. Akwai lemo a can ma.