Malamin Cikin Akwati

…har da guga fa na yi wa rigar nan saboda kai, Farfesa Halvorsen. Ni Verna, da ko coci za ni ba na guga. Yau na fara taka kwalejin nan da ƙafata, ga ni a ɗakin jarrabawa. In na ci su ɗauke ni karatun jinya, in na faɗi kuwa in koma suyar kaji a kantin Merle har gwiwoyina su ƙare.

Wai ba ka nan. Na tambayi yarinyar da ke tsaron jarrabawa ina kake, in gaishe ka in yi godiya, tana taunar cingam ta ce, "Ayya Mama, ai kaset ne. Daga California aka sayo tun ina firamare. Wa ya sani ma ko mutumin na da rai?"

Kaset…

Kullum da asuba ina gaban talabijin, kofi na hucewa, kai a ciki kana darasi da kwat ɗinka mai ruwan ƙasa, ga mijina Dwayne daga ɗaki: "Verna, saurayin naki na cikin akwati ya iya gyaran mota kuwa? Ce masa ya fito ya soya min ƙwai." Ranar da ya naɗi wasan ƙwallo a kan darasin ƙoda da na naɗa na ajiye, kuka na yi? Mahauta na tafi, na sayo ƙodar saniya, na tsaga ta a kan katakon yankan albasa, littafi a gefe, sai da na san ta ciki da bai. Wa ya koya min wannan? Kai? Ni na koya wa kaina, kuma ina alfahari da abina, ko mutum ya so ko ya ƙi.

Dubi yaran nan na gefena, sa'annin ɗana. Malamansu masu rai ne, sun san sunayensu, amma ga su sai hamma. Ni wa ke tashina? Wa ke min faɗa in na yi sanya? Ba kowa — ni ce ɗalibar, ni ce mai bulalar.

Amma shirun nan naka… ka zana zuciya a allo, ka jefo tambaya, ka juyo ka dube ni ka yi shiru. In ba da amsa da ƙarfi, ka gyaɗa kai: "Madalla, haka yake." Kaina ya yi ta kumbura har wurin aiki. To ashe ko cewa na yi zuciya a diddige take, madalla za ka ce? Duk madallar da na tara…

"Ku buɗe takardunku," in ji yarinyar mai tsaron jarrabawa.

Na san karatun nan. Na san na sani. Sai dai ashe babu mai ran da ya taɓa jin amsata, balle ya ce daidai ce — yau ne na farko. Kowa ya duƙufa yana rubutu, ni kuma ko harafi ɗaya ban sa a kan takardar ba…