Takardar Ƙona Ciyawa

"Nan za ka sa hannu," in ji ma'aikacin ofishin kashe gobara, ya turo takardar ta ƙasan gilashi. "Amma karanta layin ƙarshe tukuna."

Na karanta. Wanda ya sa hannu shi ke da alhakin wutar. In ta tsallake ta ci garken wani, ko mota, ko rai, shi za a kama. Shi ne kuma zai yi hayar tankar ruwa ta tsaya har a gama.

Baba Mukhtaru, maƙwabcina a unguwar Utaibiyya, ya ja hannun rigata. Tun yana saurayi ya zo daga Chadi, yanzu shi ke tsaron tumakin wani attajiri a wani kwari bayan Arfa. Ni a Makka aka haife ni, ina da katin ɗan ƙasa. Shi ya sa ya kawo ni, don iƙamarsa, takardar zaman baƙo, ba ta isa sa hannu ba.

"Me ya ce, Yunusa?"

"Ya ce in ta ɓaci, ni ne a ciki."

"Ba ta ɓaci. Taku goma kawai zan ƙona, in zagaye garken. Tun hantsi bai yi ba, iska na barci, ga jiƙaƙƙen buhu a hannuna. Haka muke yi a gida. Wutar daji in ta zo ta tarar da toka, sai ta tsaya."

A shekarar an yi ruwa sosai, duwatsun Makka suka yi kore har mutane na fita ɗaukar hoto. Yanzu ciyawar ta bushe, ta kai gwiwa.

"Mai tumakin fa?"

"Yana Jidda. Ya ce shi ba ya sa sunansa a kan wuta, tanka kuma khalas, zance ya ƙare, kada in sake yi masa maganarta."

Na tuna tasi ɗina, na tuna Abir matata da cikinta wata bakwai. Na ajiye biron.

"Bari in yi shawara, Baba."

Ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Ɗan Makka. Wutar risho ma tsoro take ba ku."

Bai sake tayar da zancen ba. Kullum da asuba in mun fito masallaci sai ya ɗaga yatsa ya ji iska, ya ce, "Yau da ta yi kyau." Ni kuwa sai in duba wayata.

Ranar Laraba ta uku bayan haka, ana dab da azahar, Inna Ɗaso matarsa ta buga mini ƙofa da tafin hannu.

"Yunusa, tashi da motarka. An bugo, kwarin ya kama da wuta."

Tun daga hanyar Muzdalifa muke hango hayaƙin. Da muka isa motocin kashe gobara sun tare hanya. Wani makiyayi ɗan Sudan ya ba ni labari: wutar daga bakin titi ta taso. Da Baba ya ga ta nufo shi, sai ya kunna tasa a gaban garken, da tsakar rana, iska na kaɗawa, shi kaɗai. Tumakin duka sun tsira. Shi iska ta juyo masa.

Kwana biyu ya yi a asibiti. Ƙunar ba ta da yawa, hayaƙin ne ya cinye ƙirjin. Na shiga na tarar wani jami'i ya fito da littafi a hannu. Baba ya zare abin numfashin daga bakinsa.

"Sun tambaye ni wa ya kunna ta biyun."

"Me ka ce?"

"Ni mana. Na ce babu sunan kowa." Ya yi tari mai tsawo. "Ka ga ta tsaya ko?"

"Ta tsaya, Baba."

"Taku shida kawai na samu."

Na buɗe baki in ce wani abu, ma'aikaciyar jinya ta mayar masa da abin, ta ce in fita. Bayan la'asar ya cika. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Shara'i. Mai tumakin ya aiko direbansa ta'aziyya, ya kuma tambayi mabuɗin garke.

Washegarin kwana uku na fito zan tafi aiki. Inna Ɗaso na tsugune a bakin ƙofarta da baho, tana wanke rigar da asibiti suka ba ta a leda. Na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba.

"Wanki na huɗu ke nan," ta ce.

Ta tuntsurar da bahon. Ruwan ya gangaro matakalar lungunmu, baƙi, ya bi ta gaban ƙofata. Na tsaya da mabuɗin mota a hannu har ya wuce.